Katin Matar Khamiso

Ranar Litinin da rana tsaka, da mutanen ƙauyen Sobaro suka dawo daga gaisuwar mutuwa a ƙauyen da ke bayan tudun yashi, Kazbano ta tarar an buɗe akwatinta na ƙarfe. Awarwaron azurfar aurenta yana nan. Sabon mayafin da ta tanada don tafiya birnin Haidarabad yana nan a ninke. Abu ɗaya ne babu, katin haihuwar ɗanta Yaru.

Yaru shekararsa shida, bai taɓa zama da kansa ba, balle tsayuwa. Likitocin birni sun ce numfashi ne ya makara masa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa ta taɓu, gaɓoɓinsa suka sandare. A wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke cikin gari aka haife shi, kuma katin nan ne kaɗai ya nuna an kai uwarsa tun asuba, likita ba ta sa hannu ba sai bayan la'asar. Masu asibitin sun ce ba su da wani rubutu na wannan rana. Ranar Alhamis kwamitin likitoci zai zauna a Haidarabad a kan ƙarar da Kazbano ta kai asibitin. Lauyanta yana da hoton gaban katin, amma an ce masa in ba na asali ya kawo ba, kada ma ya wahalar da kansa.

Mijin Kazbano, wanda ake kira Khamiso Dogo, ya kori awaki daga tsakar gida, ya kife tasa a kan sawu ɗaya da ya tsira a bakin ƙofar ɗakin, sannan ya aika a kira surukinsa.

Sumar, uban Kazbano, shi ne pagin yankin, wato mai bin sawu. Shekara hamsin yana dawo wa mutane da raƙuma da shanu. Da ya iso, ya tarar ƙauyen duk ya taru a bakin shinge, kowa ya ɓata fuska kamar ana jaje, amma Sumar ya daɗe da sanin mutanensa. Shekara guda ke nan motar lauya tana tsayawa a ƙofar gidan nan kaɗai. An zo an ɗauki hoton Yaru. An kawo masa keken guragu mai sheƙi, wanda ko taku biyar ba ya yi a cikin yashi, amma yana nan a tsakar gida inda duk mai wucewa zai gan shi. Ana ta zancen diyya, kowace rana tana ƙara girma a bakin mata a rijiya. Shi kansa Sumar bai kuɓuta ba. Tun da lauyan nan ya bayyana, 'yarsa ta daina tambayarsa shawara, komai sai ta ce lauya ya ce. Don haka ko sau ɗaya bai taɓa karɓar katin ya riƙe ba. Yakan ce shi ba ya karanta takarda, alhali abin da ke ransa daban ne.

Ya tsuguna ya ɗaga tasar.

Takalmin namiji ne, irin wanda ake yanka daga tayar mota, ƙafar dama. Nan take mutane suka fara kiran sunan Juman, ɗan ƙauyen da ke gadin ƙofar asibitin, wanda aka ga babur ɗinsa da safe. Sumar ya ƙura wa sawun ido. Ya ga wajen yatsu bai nutse ba ko kaɗan, ƙafar da ke cikin takalmin ba ta cika shi ba. Ya ga gefen waje ya shige yashi fiye da ƙima, ƙafar ta karkace kamar mai tokare wani nauyi. Ba kaya ta ɗauko ba a ranar. Ƙafa ce da ta shekara da shekaru tana ɗaukar babban yaro a ƙugu, har ta saba, ko babu shi haka take taku.

Nan take 'yarsa ta faɗo masa a rai, domin tun a hanya ya ji wata tsohuwa tana raɗa cewa wa ya sani ko uwar ce da kanta ta sayar wa masu asibiti.

Ya mayar da tasar, ya ce wa 'yarsa ta ba shi ruwa. Ta tafi wajen tulu da Yaru a jikinta, ta dawo. Bai kalli fuskarta ba, ƙasa ya kalla. A hagu take ɗaukarsa, hagu ke nutsewa. Ya shanye ruwan duka, har ya nemi ƙari.

"Baba, ka gane shi?" in ji ta.

"Ba ni zuwa gobe da la'asar, 'yata."

"Lauya ya ce a kira 'yan sanda."

"To ki kira su. Su zo da takalmansu goma su tattake mini wannan ɗayan."

*

Duk da haka ya je wajen Juman, domin in bai je ba, kafin magariba samari za su je da sanduna. Ya same shi a gindin bishiya yana wanke babur da ruwan da zai ishi gida guda girki.

Juman ya tarbe shi da dariyar yaƙe. Ya ce ya san za a zo, tun da duk abin da ya ɓace a Sobaro, mai albashi ake fara tuhuma. Ya ce ya zo ne ya kawo wa uwarsa maganin ido, kuma duk safiyar yana ɗakinta. Ya ce manyan asibitin ko sunansa ba su sani ba, "kai mai gadi" suke ce masa.

"Kaka Sumar, in da za su aike ni sata, ai da sun fara ƙara mini albashi."

Sumar ya ce ya tashi ya ɗauko masa wancan bokitin. Juman ya tashi. Ƙafa cike da takalmi, diddigen dama ya cinye saboda tayar da babur. Ba shi ba ne, kamar yadda dattijon ya riga ya sani.

Da zai tafi, Juman ya rage murya ya ce ba yana murna da ɓatan katin ba ne, amma fa shi ma yana da 'ya'ya huɗu, kuma in aka rufe asibitin, babu lauyan da zai tsayar da mota a ƙofarsa. Sumar ya ce ya ji. Ya ce masa gobe ya zo otak, zauren baƙin sarkin ƙauye, kuma ya zo da takalman nan.

*

Washegari da safe ya nufi gidan Mai Hajani, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin ƙauyen. Ita ma an sa ta a baki. An ce tun da mata suka koma haihuwa a gari take jin zafin Kazbano, wadda ta fara.

Ya same ta tana gasa gurasar gero. Ta miƙo masa guda da barkono da tsala, ba ta bari ya buɗe baki ba. Ta ce masu asibiti sun ce ita ta riƙe mace kwana biyu a gida har yaro ya galabaita, kuma katin nan ne kaɗai ya wanke ta, to don me za ta sace abin da ya wanke ta. Ta ce haushinta ɗaya, an ɗauki hoton kowa, har da akuyar gidan, amma ba a taɓa tambayar wadda ta hura wa yaran iska a baki ba sa'ad da ma'aikaciyar jinya ta tsaya tana kuka.

Sumar ya daina tauna. Ya ce waɗanne yara.

"Ada Sumar, ɗan'uwana, tsufa ya kama ka. Mata biyu na kai asibitin a mota ɗaya ranar nan. 'Yarka da Bagul, matar Khamiso Mai Raƙumi. Gado biyu, ɗaki ɗaya, likita tana wajen bikin ƙanwarta. Tsakanin yaran ko sallar la'asar ba a idar ba."

Ta ce da za a sallame su, magatakarda ya leƙo ya kira matar Khamiso, domin ka san mazanmu, ba wanda zai faɗi sunan matarsa a gaban baƙo. Kati ɗaya ne a hannunsa. Dogo ya fi kusa da taga, ya miƙa hannu ya karɓa. Aka ce wa ɗayan ya dawo wani mako. Wani mako kuwa yana can ƙasar noman rani da raƙuminsa.

Sumar ya ajiye sauran gurasar. Ya san Bagul tana da yaro marar lafiya, kowa ya sani, kamar yadda aka san akwai tsohuwar rijiya a bayan gari. Amma ya yi ƙoƙarin tuna ranar da ya gan ta a wajen biki ko gaisuwar mutuwa, ya kasa. Jiya ma ba ta je ba. Ba mai riƙe mata yaron.

*

Gidan Bagul shi ne na ƙarshe, bayan shingen ƙaya. Tun kafin ya yi sallama ya gama karanta abin da ya zo nema a kan hanyar da ke tsakanin ƙofa da wajen tuluna. Dama ce ke nutsewa. Takalman mijin suna jingine a jikin bango, mijin kuwa wata biyu ke nan yana wajen girbi.

Ta fito da yaron a ƙugunta na dama, dogon yaro siriri mai manyan idanu, sunansa Miral. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta shimfiɗa wa baƙon tabarma, ta kwantar da ɗanta a gefensa, ta tokare masa wuya da tsumma. Ba ta tambayi abin da ya kawo shi ba.

Sumar ya yi magana a hankali, kamar yadda yake yi wa raƙumin da ya firgita. Ya ce bai zo da kowa ba, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Ta ce ba sai ya lallashe ta ba. Ta ce shekara guda tana tsaye a bayan shingen nan tana kallon motar lauya. Mijinta ya taɓa tare lauyan a hanya, aka ce masa in babu takarda babu magana. Ta ce ranar da aka kawo keken, sai da ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. Ta ce ta roƙi Allah ya cire mata abin daga zuciya, bai fita ba, har ta kai in ta ji Yaru yana tari sai ta ji wani sanyi a ranta, daga baya ta zauna tana kukan kunya.

"Ciwo ɗaya, Kaka, rana ɗaya, ɗaki ɗaya. Nata ɗan ya zama abin tausayi, nawa ya zama abin ɓoyewa."

"Hassada ba ta ba ki ikon buɗe akwatin wata, 'yata."

"Ba ta ba ni ba. Da hassada kaɗai ce, da na ƙone katin."

Ta ce ranar Juma'a Kazbano ta tara mata shan shayi don a yi mata addu'ar tafiya, ta fito da katin ana miƙa shi hannu zuwa hannu kamar jariri. Ita ma ta shiga na ɗan lokaci. Da ya zo hannunta, tun da ba ta iya karatu ba, sai ta juya bayansa.

Ta zaro katin daga ƙirjinta, cikin ledarsa, ta miƙa masa a juye. A bayan akwai sawun jariri da baƙar tawada, ƙafar hagu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Kai ne pagi. Karanta."

Ya kai shi wajen haske. Babban yatsa daban. Na biyu da na uku a haɗe, ɗigo ɗaya mai faɗi, babu rata. Wani zai ce tawada ce ta malala, amma tawada in ta malala ba ta barin layukan fata. Bagul ta yaye tsumman da ke ƙafar Miral. Na biyu da na uku a manne suke har ƙumba.

Sumar ba ya buƙatar zuwa duba ƙafar jikansa. Kowace safiya shi yake shafa mata mai, yatsa bayan yatsa, guda biyar, kowanne daban.

Ya daɗe zaune da katin a hannu. A nan ya ji abin da Bagul ta shekara tana ji ya shigo masa duka a lokaci guda. Ya dubi Miral, yaron da bai yi masa komai ba, ya ji haushinsa. Don me wannan zai samu likitocin birni da masu gasa ƙashi, Yarunsa ya koma kwance a kan gado yana kallon jinka? Abu ne mai sauƙi. Sai kawai ya ce ya tsinci katin a gindin ƙaya, iska ta kai shi. Ba wanda ya taɓa musa wa Sumar magana a kan yashi. Kwamitin kuwa gaban katin zai duba.

Bagul ta gani a fuskarsa. Ta rufe ƙafar ɗanta, ta ce ya tafi da shi, ita dai ta nuna wa mutum ɗaya, kuma abin da ya faɗa a otak shi ne zai zauna.

*

Da la'asar aka share fili a gaban otak, aka baje yashi da reshe har ya yi sumul. Wadero Gulab, sarkin ƙauyen, yana kan gadon igiya da sandarsa. Maza a gefe guda, mata a bayan ɗan guntun bango. Juman ya wuce a kan yashin yana huci. Mai Hajani ta wuce tana cewa a duba da kyau, kada a ce ƙafar budurwa ce. Dangin Dogo suka ce tun da an fara, ita ma Kazbano ta taka, a kashe maganar rijiya. Ta taka da ɗanta a jiki, ba ta kalli kowa ba.

Sumar ya ce babu ɗaya a cikinsu. Ya ce saura mutum guda, ya kira Bagul. Wasu suka waiwaya suna tambayar wace Bagul.

Ta fito da Miral, ta wuce a kan yashin. Sumar ya nuna da sandarsa yadda dama ta nutse, ya bayyana takalmin da ya fi ƙafa girma, ya ce ita ce ta shiga ɗakin. Ya fito da katin daga aljihu. Fili ya ɗauki surutu. Dogo ya taso da hannu a miƙe. Matan da jiya suke cizon yatsa a kan keken Yaru, yau su ne suka fi kowa zagin Bagul.

Hannun Dogo yana nan a gabansa. In ya saki katin, magana ta ƙare. Ya dubi 'yarsa, ya ga a karon farko cikin shekara guda tana kallonsa kamar yadda take kallonsa tana ƙarama, ranar da ya dawo da saniyarsu daga hannun ɓarayi.

"Sa'in," ya ce wa Wadero, da kalmar da ake girmama manya da ita, "ka kira ni in faɗi wanda ya ɗauka, na faɗa. Ba ka tambaye ni na wane ne ba."

Ya roƙi a kawo yaran biyu gaban gado. Ya buɗe ƙafar hagu ta kowannensu da kansa, ya juya katin, ya ajiye shi a tsakani. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da tsinke, a hankali, yadda ko yaro zai gane. Mai Hajani ta maimaita labarin taga da magatakarda. Wadero ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Dogo ya ce ai sunansa ne a jiki. Wani dattijo daga baya ya ce Khamiso ne a jiki, sunan duk wanda aka haifa ranar Alhamis.

Wadero ya ce shiga ɗakin wata laifi ne, kuma Bagul za ta je ta nemi gafara a gaban mata. Amma katin, mai ƙafar shi ne mai shi. Ya ce Juman ya kira lauya a waya ya gaya masa abin da aka gani, shi ya san yadda zai yi da ƙararsa. Ya miƙa wa Bagul katin. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta yi murna ba.

Kazbano ta sunkuya ta ɗauki Yaru. Kowa ya zaci za ta yi kuka ko ta yi zagi. Sai ta juya wajen Bagul.

"Adi, 'yar'uwa, in sun tambaye ki yaushe likita ta shigo, me za ki ce? Tun azahar kika suma. Ni ce na ƙirga kiran salla uku ina kallon ƙofa." Ta gyara yaron a jikinta. "Zan shiga motar ranar Alhamis in faɗa musu. Ba don ke ba. Kuma kada ki zauna kusa da ni."

Mutane suka fara watsewa, kowa da abin da zai kai rijiya. Sumar ya tari 'yarsa a bakin fili. Ya ce zai bi su Haidarabad, ya tsaya gaban kwamitin ya nuna musu cewa yara biyu aka haifa, kati ɗaya aka rubuta, wataƙila su saurara. Ya miƙa hannu zai karɓi Yaru kamar kullum. Ta ja da baya.

"Na sani gaskiya ka faɗa, Baba." Muryarta ƙasa-ƙasa, don kada wani ya ji. "Ba diyyar nake ji ba. Shekara shida, duk ranar da abin ya yi mini yawa, sai in rufe ƙofa in fito da katin nan in sumbaci bayansa. Ina cewa ko bai taɓa takawa ba, ga dai sawu ɗaya da ɗana ya yi a duniya. Ashe ƙafar ɗan Bagul nake sumbata."

Ta juya ta tafi. Sumar ya bi ta da kallo. Ya kira sunanta sau ɗaya. Yaru ne kaɗai ya juyo da ido ta kan kafaɗarta, yana neman kakansa.